Tsirkiyar Baba Chindo

Gidan Rumji, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashina Gado,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Turawanka da dorinarku, ina sanar da kai cikin alhini cewa Allah ya yi wa haƙorina na tauna, na ɓangaren hagu, rasuwa ranar Talata da hantsi. Ya yi mini hidima shekara arba'in bai taɓa neman hutu ba, kuma a bakin aiki ya faɗi, yana fama da ƙashin balangu. An rufe shi a bayan ajin da nake koyarwa. Babu wanda ya taso daga ƙasar waje don ya mallake shi, nan na gane matsayina idan aka kwatanta ni da dorina.

Ban da wannan lafiya lau nake. Direban zangonku ya turo mini hoton takardarka ta waya lokacin da ya shiga Garwa, tare da hoton da kuka ɗauka a bakin kogi. Na duba shi da kyau. Ga Bature ya durƙusa ya jingina bindiga a kan dorina, an tokare mata baki da itace don a ga haure, ga maigidanku yana dariya. Kai kuma, da ka bi sawunta kwana shida, rabinka ne ya shiga hoton, kunne ɗaya da kafaɗa. Na karanta littattafai da yawa a kan Turawa, har yanzu ban kai shafin da ya bayyana dalilin da mutum zai ƙetare teku ya kashe abin da ba zai ci ba, ya kwashe haƙora ya rataye a bango. Ni dai fatar dorina kawai na sani, a hannun mushenmu, wato malaminmu na lakol, makarantar boko, kuma ta ishe ni sani.

Kada ka yi fushi. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, ina da izinin zolayarka har kabari.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan hau babur in je ƙauye in gaida mahaifinka. Idon Baba Chindo ya tafi gaba ɗaya, ƙafafunsa sun kumbura. Matarka Tala tana ƙoƙari da shi, Allah ya saka mata. Wannan Juma'ar na tarar ya sa an sauko masa da bakansa daga rufin ɗaki, ya ɗora a cinya yana shafawa. Ya ce da ni:

"Mushe, ka rubuta mishi. In an rufe dajinsu ya taho, in damƙa mishi baka da kwari da hannuna. In har aka ɗaure damin farko na gero bai zo ba, in tsinke tsirkiya, gidan ga ya koma gidan manoma kamar na kowa."

Ka fi ni sanin abin da ake nufi. Bakan da mai shi ya tsinke wa tsirkiya ba shi da magaji, kuma mahalbin gidan ya faɗa wa duniya ke nan cewa bai haifu ba. Na ce masa, Baba, daga nan har Tibiri gona ce ke bin gona, ban da zomo me ya rage da za a halba? Ya ce bai tambaye ni ba.

Damina biyu ba ka zo ba. A Afrilu ake rufe farautarku, kai ka faɗa mini. Ka ɗaure kayanka.

Naka,
Sabi'u


Zangon farauta, bakin kogi, ƙasar Kamaru, 18 ga Afrilu

Mushe Sabi'u,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba da Tala da yara. Ina lafiya. Allah ya jiƙan haƙori, dama ban san shi da tauna komai ba sai naman mutane.

Na ji saƙon Baba. Wallahi na ɗaure kaya, har turmin atamfa na saya wa Tala. Sai ga abin da ya faru.

Baƙonmu na ƙarshe wani tsoho ne, dorina ya zo nema. Kwana tara ba mu samu wadda ta yi masa ba, jirginsa kuma saura kwana biyu. Rana ta goma na kai su wani gurbi mai zurfi, na zaɓa masa babba. Dorina in tana cikin ruwa wuri ɗaya ake halbi, tsakanin ido da kunne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Maigida yana gefe yana kallo da madubin hange. Ni ne a kusa da baƙon, ni na kafa masa sandunan da ake ɗora bindiga. Na ga bakin bindigar yana rawa, Mushe. Aikina ne in dafa kafaɗarsa in ce ya dakata. Ban dafa ba. Na gaji da shi, ina son a gama in kama hanyar gida.

Harsashi ya same ta a muƙamuƙi. Ta nutse. Wadda ta mutu takan taso bayan wasu awoyi, ciki ya kumbura. Muka jira har la'asar ba ta taso ba. Kwana biyu muna bin gaɓa. Baƙo ya hau jirginsa, domin a takarda wadda aka ji wa rauni daidai take da wadda aka kashe, shi ya gama. Aka rufe farauta, aka kwashe bindigogi zuwa Garwa.

Bayan kwana takwas ta kife kwalekwalen wani masunci a mashigin da mata ke wanki, ta karya masa cinya. Yana da rai. Ciwo ya sa ta bar garkenta, duk abin da ya motsa a ruwa binsa take yi.

Ka san dokar gidanmu. Mahalbin da ya buɗe jini ba ya barin dajin sai ya rufe shi, ko naman ya mutu ko ya warke. Maigida ya rubuta wa ma'aikatan gandun daji su ba da izinin a ƙarasa ta. Ya ce in tafi gida, ba ruwana. Na ce zan zauna gadin zango har takardar ta fito.

Ka karanta wa Baba wannan duka, kada ka tsallake komai.

Gado


Gidan Rumji, 9 ga Mayu

Taubashi,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai zafi. Kumburin ƙafar Baba ya kai gwiwa, amma yana shan fura, yana kuma da ƙarfin yi wa kaji faɗa.

Na karanta takardarka sau uku, ina neman inda hankali ya ɓuya a ciki. Bari in taimaka maka da lissafin aji biyu. Wanda ya halba ya tafi. Wanda ya ba shi izini ya ce ya gama. Maigidanka ya ce ba ruwanka. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar Kamaru ya ga cewa muƙamuƙin dorina haƙƙinsa ne, kuma shi ne wanda ko bindigar bai riƙe ba. Dokar gidanku an yi ta ne don mai kibiya da namansa, lokacin da daji yake daji. Ba a yi ta don ɗan aikin da ke kafa wa baƙo sanduna ba.

Ban karanta masa ba, gara in faɗa maka. Ka san yadda yake ɗaukar aikinka tun farko, masu kashewa don haƙori yake ce muku. To in zauna gaban makaho mai kumburarriyar ƙafa in ce masa ɗansa ya ga bindiga na rawa ya yi shiru, kuma yanzu ya zaɓi zama da dabba a kan zuwa wurinsa? Ina da sauran tausayi, ko da haƙorana sun ragu.

Na buɗe wayar, na riƙe ta kamar mai karatu, na ce kana gaishe shi, ka ɗaure kaya, amma babbar gadar da ke hanyarku ta karye, mota ba ta wucewa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce:

"Kogin nan ba shi da jirgi?"

Na ce ruwan ya yi ƙarfi. Ya ce, "To." Ya juya zancen zuwa irin da za a shuka.

Na saya maka lokaci, ka yi amfani da shi. Masunta sun san koginsu tun kafin a haife ka. Ka bar musu dorinarsu ka taho.

Sabi'u


Gidan Rumji, 21 ga Yuli

Gado,

Ina gaishe ka, in kana inda gaisuwa ke isa. Wata biyu da rabi ke nan. Wayar direbanku ba ta shiga, takardata ta Mayu ban san ko ka gan ta ba. Na aika wannan ma, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya yana sauraro.

An yi ruwa mai kyau, gero ya kai ƙugu. An rufe lakol, sauran malamai duk sun tafi garuruwansu. Ni ban tafi Gazawa ba. Tun rasuwar matata Zulai gidan a kulle yake, 'yan matan suna ɗakunan mazajensu, in na je sai dai in share tsakar gida in zauna ina kallon inda na share. A nan ma ba wani taro nake yi ba. Nakan dafa shayi na mutum biyu saboda sabo, in shanye duka saboda rowa.

Don haka yanzu sau uku a mako nake zuwa ƙauye, kuma kana rubuto wa Baba takarda kusan kowane zuwa. Ka yi mamakin kanka. Ba ka taɓa iya magana haka ba. Kana gaida kowa da sunansa, kana tambayar jakin maƙwabci, har addu'a kake rufewa da ita. An gyara gada a watan Yuni, sai jandarma, 'yan sandan can, suka riƙe takardunka. Da suka sake su, maigidanka ya ce sai ka gama gyaran rumfuna. Dabarata ta kusa ƙarewa, taubashi, saura in ce kada ya haɗiye fasfo ɗinka.

Abin da ke damuna shi ne abin ba ya aiki yadda na tsara. Na zaci zai ji tausayinka. Da farko yakan tambaya, "Mi ya ce?" Yanzu in na fara karantawa sai ya bar ni in kai ƙarshe, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Gidan Rumji. Shekaranjiya da na gama zancen rumfuna ya ce, ba da ni yake ba, da bango yake:

"Gado ya zama mutumin da ake hanawa."

Tala ta raka ni har wurin babur. Ta ce, "Mushe, don Allah in aure ya yi can ka gaya mini, na fi son in sani." Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce to mene ne? Na ce gada. Ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya ce akuya ta cinye littafinsa.

Bakan yana nan kusa da tabarmarsa, ba a mayar da shi rufi ba. Gero ba ya jiran takardar gandun daji. Ka ba ni amsa.

Sabi'u


Bakin kogi, 12 ga Agusta

Mushe,

Gaisuwa gare ka da mutanen gida. Ina lafiya, sai zazzaɓi da na yi na kwana biyar, ya sauka.

Tun da ruwa ya sauka hanya ta yanke, direba bai ƙara zuwa ba. Jiya wani mai sayen busasshen kifi ya zo da kwalekwale, direban ya tura masa takardunka biyu a waya, na karanta. Shi zan ba wannan. Ban san ranar da zai kai inda waya ke kamawa ba.

Takardar izini ba ta fito ba. Ni kaɗai ne a zango. Da na yi sallar asuba nakan je in hau wani dutse da ke kallon mashigi, da galan da sanda. In ta taso kusa sai in buga, mata su fito daga ruwa, masu kwalekwale su koma gaɓa. Haka har faɗuwar rana. Matan sun sa mini suna Mai Ganga. Yarensu ba na ji, nawa ba sa ji, sai su ajiye mini rogo a gindin dutse su tafi. Wani lokaci nakan yini ban yi magana da kowa ba sai ita. Ta rame, bakin ya karkace. Ta san ni. In ta taso, dutsen take fara dubawa. Tun da na fara zama ba ta ƙara taɓa kowa ba.

Ka yi dariya, na san za ka yi. Jikan masu kashe zaki ya zama makaɗin dorina.

Amma Sabi'u, ba kai za ka zaɓa wa ubana abin da zai ji a kaina ba. In ya tsine mini a kan shirun da na yi, nawa ne, zan ɗauka. Gadar da ka karya da jandarman da ka kawo ba nawa ba ne. Ka ɗauki takardata ta Afrilu da wannan ka karanta masa yadda suke, a gaban Tala. In ba za ka iya ba ka ba liman.

Gado


Gidan Rumji, 19 ga Satumba

Gado,

Ina gaishe ka, da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Baba yana nan da rai. Numfashinsa ya yi gajere, ba ya iya kwanciya sai a jingine.

Takardarka ta iso ranar Laraba. Ranar Litinin, kwana biyu kafin ta iso, aka ɗaure damin farko.

Ina wurin. Aka shigo da damin aka ajiye a gabansa, ya laluba zangarniya, ya ce gero ya yi. Sannan ya ce Tala ta miƙo wuƙa. Wayar tana aljihuna, takardarka ta Afrilu tana ciki. Na sa hannu na taɓa ta, na bar ta. Ƙarar tsinkewar tsirkiyar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Bakan ya miƙe. Ya ce a mayar rufi, ya juya fuska ga bango.

Ranar Alhamis na koma da sassafe. Na kira Tala, na ce Baba akwai takardu biyu, kuma duk waɗanda na karanta maka tun Mayu ni na rubuta su. Na fara ta Afrilu. Da na kai wurin bakin bindiga yana rawa kai kuma ka yi shiru, ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Ya yi abin kunya. Ci gaba."

Da na kai inda ka ce za ka zauna, sai ya nemi a tashe shi zaune sosai. Na gama ta biyu, ina jiran tsinuwa ko kuka. Sai ya ce:

"Wane gefe na muƙamuƙin?"

Na ce ba ka faɗa ba.

"Ka ga sakarci. Takarda biyu bai faɗi gefe ba. Rubuta."

Ga abin da ya ce in rubuta. Ka riƙa bin gaɓa da safe kana duba kashinta. In ciyawa na fita doguwa ba a tauna ba, ba za ta wuce sanyi ba, ka yi haƙuri ka jira ta. In ta fara fita a niƙe, ƙashin ya haɗe, za ta koma garke da kanta, ranar ka sauke nauyi. Ka daina zama wuri guda a kan dutsen, naman da ya san mazauninka wata rana zai zo ya tarar da kai. Kuma ka je ka gaida masuncin da ta karya, da goro, ka gaya masa da bakinka cewa kai ne.

Ya ce ranar sunanka ba ya gida, yana bayan wani gwanki da ya gudu da kibiyarsa a cinya, kwana goma sha ɗaya. Mahaifiyarka ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi. Tala ta fita da gudu, na zaci kuka za ta yi, ashe ruwa ta ɗebo masa. Kukan sai daga baya, a madafa, kuma ta ce in gaya maka atamfar ta jira.

Da ya huta ya sa ta jiƙa masa fatar bijimi, ya ce zai murɗa sabuwar tsirkiya, hannu bai makance ba. Na ce Baba, ana mayar da wadda aka tsinke? Ya ce:

"Ba a taɓa ba. Ba a kuma taɓa yi ma mahalbi karatun ƙarya ba. Kai ɗan lakol, wata biyar kana kawo mini ɗan wani kana cewa nawa ne."

Na mayar da wayar aljihu.

Ya ce kada ka zo sai ka gama. In ka tarar da shi, ya damƙa maka. In ba ka tarar ba, bakan yana hannun Tala da tsirkiyarsa, naka ne, ya faɗa a gaban liman. Jiya na bar shi da fatar a tsakanin yatsu, ya yi kamu ɗaya ya gaji. Ban san ko zai kai ƙarshenta ba, ban san ko zai kai sanyi ba.

Na ɗauka na san abin da uba yake son ji. Ban sani ba. Na yi kuskure, Gado, ka yafe mini.

Sabi'u